Randar Sitti Mutuniyar Cinkiyan

Waziriyya

Da aka gama aikin Hajji, jirginmu ya koma Kano ba da ni ba. Ba ɓata na yi ba, ba kuma makara ba. Ina zaune a wani ɗaki a unguwar Waziriyya tare da wasu mata, ina ta saƙawa a raina cewa yanzu abokan tafiyata sun isa gida ana yi musu barka da sauka. Mijina ya rasu, gona ta kasa riƙe mu, na bar 'yata Binta a Ibi wurin ƙanwata. An ce mini a Jidda ko shara mutum yake yi sai ya gina gida. Wanda ya faɗa mini haka bai taɓa riƙe tsintsiya a Jidda ba.

Makonmu na farko wani Alhaji Garba ya zo mana, ana kiransa mai takardu. Babbar riga, ƙamshin turare, carbi ba ya barin hannunsa. Ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai samo mana kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya mana, da iƙama, wato takardar zama a ƙasar. Ya yi mana addu'a mai tsawo, muka shafa, ya fita. Daga ranar ba mu sake sa shi a ido ba. Har yau idan na ga mutum yana jan carbi da sauri yana zancen takardu, sai in ƙara riƙe jakata.

Na shiga tallar gyaɗa da goro a bakin titi wajen Kurayyat. Sana'ar ba ta da wuya, gudun ne mai wuya. Da an ce ga motar baladiyya nan, masu kama 'yan talla, sai kowa ta kansa, tire a ka, takalmi a hannu. Akwai wani Bayamane mai gasa gurasa da yake barina in ɓoye tirena a bayan tandarsa. Bai taɓa tambayar sunana ba, amma kullum na zo ɗauka sai in tarar ya ɗora mini gurasa mai zafi a kai. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Abin da ya fi ci mini rai a lokacin ba yunwa ba ce, kewar kogi ce. Ni 'yar bakin Binuwai ce, a ciki na koyi wanki, a ciki na koyi iyo. Jidda tana da teku, amma ba a shan sa, ba ka hango wancan ƙetaren, kuma idan ka shiga sai ka fito jikinka na danƙo. Wani lokacin da la'asar sai in ji kamar ana buga wanki a kan dutse, in waiga, ashe Bayamanen nan ne ke buga ƙullinsa.

Maƙwabciyarmu Khala Zainabu ce ta fitar da ni daga titi. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo da ƙafa daga Haɗeja, Hausarta rabi Larabci ce.

"Ya Hawwa, akwai shughul a Ruwais," in ji ta. "Kula da wata ajuza, tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin. Bas ki sani, babu wadda ke daɗewa a gidan."

Na ce, "Duka take yi?"

"La, ba ta duka. Wari ne."

Na ce wanda ya kwana ɗaki ɗaya da mata bakwai a zafin Jidda, wane wari ne zai ba shi tsoro.

Ruwais

Gidan tsoho ne, mai hawa biyu, kusa da teku. Mai gidan ana ce masa Abu Majid, ɗan kasuwa, a Ɗa'ifa aka haife shi, in ban da idanunsa babu abin da zai nuna maka ba Balarabe ba ne. Matarsa Ummu Majid 'yar Jidda ce, mai son tsafta, mai dogon farce. Sai tsohuwar, mahaifiyar mai gidan, wadda kowa ke kira Sitti. 'Yar firit ce, fara, bayanta ya tanƙware, daga ɗakinta zuwa falo sai ta huta a hanya.

Ranar farko Ummu Majid ta ce in share gidan daga sama har ƙasa. Na hau soro, na tarar da wata 'yar rumfa da randuna biyu a ciki. Ɗaya babu komai, ɗayar cike da wani baƙin abu mai kama da dusar da ta ruɓe, tsaminsa na sa ido hawaye. Na ce a raina lallai ƙazanta ba ta da ƙabila, ga masu kuɗi sun bar abincin tumaki ya ruɓe musu a ka. Na ɗauko bokiti da soso, na karkata randar na fara zubarwa.

Ban san yadda aka yi ba, tsohuwar nan da ba ta iya ƙetare falo sai ga ta a saman bene. Ta yi wata ƙara cikin yaren da ban taɓa ji ba, ta yar da sandarta, ta durƙusa tana kwashe abin da na zubar da hannu bibbiyu tana mayarwa. Hawaye na zubo mata. Ni kuwa na tsaya da soso a hannu, na tabbata aikin ya ƙare tun bai fara ba. Da ta gama sai ta cafki wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zata ba, ta cusa shi cikin randar har gwiwar hannu.

Ɗumi na ji, irin ɗumin jikin mai rai.

"Hayy," ta ce da Larabcinta da bai fi nawa ba. "Yana da rai, ya binti. Ba a wanke shi."

Khal ne take yi, wato ruwan tsamin nan da ake ɗiga wa abinci, baƙin khal irin na garinsu. Sannu a hankali na gane yadda abin yake. Ana dafa shinkafa mai danƙo wadda muke sayowa a kantin mutanen Jawa, a marmasa mata wani farin ƙwallo na yis da Sitti ke haɗawa da kanta, a rufe ta har ta yi ruwa. Sai a cakuɗa da dusar alkama da ƙaiƙayin shinkafa, a ɗebo cikin hannu daga tsohuwar randa a binne a tsakiyar sabuwa. Wannan cikin hannun shi ne iri, kamar yadda Fulani ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara. Daga nan kullum sai an juya, a kwashe daga wannan randa zuwa waccan, na sama ya koma ƙasa. Idan aka bar shi bai sha iska ba, zafi ya taru a ciki ya kashe shi. Idan ya nuna a zuba gishiri a tace, amma kafin gishiri ya taɓa shi sai an cire irin gaba. Haka ake yi ba a yankewa.

Akwai matakin da shinkafar ke wari sak irin na burukutun da ake dafawa a bayan garinmu. Hankalina bai kwanta ba, na je na tambayi wani malami ɗan Barno a Waziriyya. Ya ce idan abin ya juye ya zama khal, halal ne. "Amma kada ki ɗanɗana shi a tsakiyar hanya," in ji shi. Da na ba Sitti labari ta yi dariya har tana tari. Ummu Majid ita ba dariya take yi ba. Tsoronta kada maƙwabta su ji warin su kira 'yan sanda, kuma ko kusa da benen soron ba ta zuwa.

Hannun Sitti ya gaza, shi ya sa juyin ya dawo kaina. Kowace safiya in taimaka mata ta hau, ta zauna a inuwa da maficinta, ni kuma in naɗe hannun riga. Ta koya mini gane lafiyar randa da fatar hannu. Idan zafin ya yi yawa mu jiƙa buhu mu lulluɓe. Ba a daɗe ba tsakanin yatsuna ya rine, sabulu ya kasa fitar da warin. A mota mata kan matsa gefe su ba ni wuri, na samu sarari da ban taɓa samu ba a Jidda.

A wurin juyin nan ne ta ba ni labarin garinsu, da guntun Larabci da nuni da hannu. Sunansa Cinkiyan, haka dai kunnena ya ɗauka. Yana bakin wani ƙaton kogi, daidai inda wata hanyar ruwa da sarakunan da suka haƙa ta haɗu da shi. Manyan jiragen Turawa suna hawowa daga teku, ƙananan jiragen katako suna gangarowa daga cikin ƙasa, a ƙofar garinsu ake sauke kaya ana lodi. Mahaifinta Musulmi ne mai awon fatu a wani kamfanin Turawa. Ta ce tana ƙarama, idan jirgi ya yi kuka kofunan shayi na rawa a kan teburinsu.

"Sai me ya faru, Sitti?"

"Abu biyu," ta ce. "Jirgin ƙasa ya zo, kaya suka bi shi suka wuce mu. Kogi kuma ya dinga kawo laka yana ajiyewa a bakin tasha. Jirgin ruwa ya kasa matsowa, sai aka yi gadar katako zuwa wurinsa. Kowace shekara a ƙara mata tsawo. Wata shekara aka ƙara, jirgi bai zo ba."

Ta ce Turawa suka kulle ofisoshinsu ɗaya bayan ɗaya, ma'aunin mahaifinta ya yi tsatsa a bayan ƙofa. Khal ɗin da mahaifiyarta ke yi a tsakar gida, wanda da ba a ɗauke shi sana'a ba, shi ya dawo yana ciyar da gidan.

Dariya ta kuɓuce mini, ta harare ni. Na ce ta yi haƙuri, labarin garinmu take ba ni. Na faɗa mata yadda kakana ke dakon buhunan riɗi da kaɗe zuwa jiragen kamfani a Ibi, yadda fatake daga ko'ina ke kwana a garin. Sai aka kai gadar jirgin ƙasa Makurɗi, aka bar mu da manyan sito-sito na kwano, jemagu a sama, awaki a ƙasa.

"Kogin naku ma ya gudu?"

"Bai gudu ba, Sitti. Jiragen ne suka gudu. Da rani yashi ne ke kwanciya a inda suke tsayawa."

Sai ta buga mini mafici a kafaɗa. "Ashe mu 'yan gari ɗaya ne," in ji ta. Daga ranar ta daina barina in ci abinci a kicin ni kaɗai.

Irin da ke cikin randar nan daga randar mahaifiyarta ya fito. Lokacin da yaƙi ya kore su ita da mijinta, mahaifiyarta ta cika mata wani ɗan tulu ta ɗaura mata a ƙugu. Da shi ta bi gari-gari har bakin teku, da shi ta shiga jirgin ruwan alhazai, tana raba ruwan shanta da shi. Mijin ya rasu a Ɗa'ifa, 'yan uwanta ba ta sake jin ɗuriyarsu ba. Abu ɗaya take yawan ƙorafi a kai, ruwan Jidda, wanda na teku ne aka cire wa gishiri. Duk ranar da muke jiƙa dusa sai ta dubi randar ta girgiza kai ta ce, "Maskin. Ɗan kogi ne, shekara da shekaru bai sha ruwan kogi ba."

Na yi shekaru a gidan. Ina aika wa ƙanwata abin da ya samu, ina samun hoton Binta jefi-jefi, kowane hoto ta ƙara tsawo ta rage murmushi. Ana nan Abu Majid ya fara zuwa ƙasar Sin saro kaya. Sitti ta matsa masa sai ya je garinsu ya gano mata. Ya yi ta hanya-hanya, ƙarshe dai ya je.

Ranar da ya dawo aka taru a falo. Ya ajiye mata hotuna da kwalbar khal ta kamfani, mai takarda ja. Ta sa tabarau tana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe ta sake farowa.

"Ina kogin?"

"Ya Ummi, daga layin masallacin nan sai an yi tafiya kafin a gan shi. Inda kike cewa jirage na tsayawa yanzu titi ne da gidaje. Manyan jirage suna can wata sabuwar tasha nesa da gari."

"Gadar katakon fa?"

"Na tambaya, babu wanda ya san ta. Sunan gidanku ma na tambaya a masallaci."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Ta buɗe kwalbar ta ɗiga a bayan hannunta ta lasa. Ta ce yana da kyau, ta gode masa, ta rufe. Da la'asar ta ce in kai ta soro, abin da ba ma yi sai da safe. Ta cusa hannunta cikin randar da kanta ta bar shi a ciki.

"Hawwa," ta ce, "abin da ya rage na layinmu ke nan. Idan wannan ya mutu, shi ke nan babu mu."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na gyara mata mayafinta da iska ta zame.

Tsakanin Waziriyya da Ruwais

Bayan Hajjin wata shekara Sitti ta faɗi a banɗaki, ƙugunta ya karye, aka kwantar da ita a asibiti. A daidai lokacin kuma kame ya yi zafi. Jami'an jawazat, masu duba takardun baƙi, suna tare motoci, ana cin tarar duk wanda ya ajiye marar iƙama a gidansa. Abu Majid ya kira ni, yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce in koma Waziriyya in lafe har ƙura ta kwanta, zai ci gaba da aiko mini da haƙƙina. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba.

Na ce, "Randar fa?"

Ummu Majid ta ce, "Halas ya Hawwa, ki bar ta. Ga kwalba nan ya kawo, ga kantin Jawa."

Na samu na leƙa Sitti sau ɗaya a asibiti. Ta rame, muryarta ba ta fita sosai. Ba ta tambaye ni komai ba, hannuna kawai ta jawo ta kai hancinta ta shaƙa, sannan ta lumshe ido. Na fito na san ba zan iya barin randar nan ba.

Saboda haka kowace safiya bayan sallar asuba sai in zura abaya in shiga ƙaramar bas zuwa cikin gari, in canja wata zuwa Ruwais. Ban taɓa gaya wa Ummu Majid zan zo ba, ita ma ba ta taɓa cewa in zo ba, amma kullum ina tarar da ƙofar baya a buɗe. In hau, in juya, in jiƙa buhu, in sauko.

Khala Zainabu ta yi mini tatas. "Inti majnuna? Mutane na ɓuya a ƙarƙashin gado, ke kina yawo saboda dusa? Ko tunkiya ba za ta yi wannan ba, wallah."

Gaskiya ta faɗa, kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata safiya aka tare bas ɗinmu kusa da Bab Makka. Jami'in ya leƙo ya ce, "Iƙama." Na buɗe jaka ina lalube kamar mai neman abin da ta ajiye, shi ma ya tsaya yana jira kamar bai sani ba. Aka sauke mu aka zuba a wata doguwar mota mai waya a taga. Mata na kuka, wasu na kiran sunayen 'ya'yansu. Ni kuwa abin da ke cikin kaina shi ne a hanyar zuwa aka kama ni, ban juya ba.

Tarhil

Tarhil shi ne inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Babban ɗaki ne, mata daga kowace ƙasa, zafi, kukan jarirai, layin ruwa. Zazzaɓi ya kama ni a ciki. Khala Zainabu, da yake ita tana da takarda, ta kawo mini jakar kayana. Na roƙe ta ta je ta gaya wa Ummu Majid randar na buƙatar juyi.

"Wannan mai farcen?" in ji ta. "Allah ya ba ki lafiya, ya Hawwa."

Na fitar da rai. Ina kwance ina ganin randar a idona, zafi na taruwa a cikinta, ƙamshin na komawa ɗoyi.

Ana gobe za a kai mu filin jirgi aka kira sunana, wai ina da baƙuwa. Na je bakin shingen ƙarfen da ke raba mu da baƙi na ga mace cikin baƙar abaya da safar hannu. Sai da ta yi magana na gane Ummu Majid ce. Ba ta gaishe ni ba ma, ta zare safar ta miƙo hannunta ta tsakanin ƙarafan. Farcen nan duk an yanke, tsakanin yatsun ya fara rinewa.

"Ina juyawa," ta ce, "amma ban san ko daidai nake yi ba. Yana da zafi, ina jin tsoro. Yaya ya kamata ya zama?"

Na rasa yadda zan kwatanta mata da Larabcina. Sai na kama hannunta na ɗora a wuyana, inda sauran zazzaɓin yake. Na ce kamar haka. Idan ya fi haka ta jiƙa buhu ta lulluɓe, ta juya sau biyu a rana. Ta bar hannun a wuyana, ta fara kuka.

Ta ce ranar da ban zo ba ta je asibiti, Sitti ta jawo hannunta ta shaƙa, ta ji turare kawai, sai ta juya fuska bango. Abin ya tsaya mata a rai, ta koma gida ta hau soro, ta ɗaure hancinta da gyale ta cusa hannu. Washegari Sitti ta sake shaƙa, ta riƙe hannun ta ƙi saki. Ta ce duk shekarun da suka yi tare surukarta ba ta taɓa riƙe mata hannu haka ba.

"Ta rasu shekaranjiya, ya Hawwa. Da safe, cikin sauƙi."

Na yi salati, na jingina kaina da ƙarfen. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kama ni.

Ta ciro wani gwangwanin madarar gari daga jakarta, an huda murfinsa, an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. A ciki akwai iri, da ƙwallayen yis a ƙulle cikin leda. Ta ce za su tashi daga Ruwais su koma wani bene a arewacin gari inda babu soro, ba ta san iya kwanakin da randar za ta yi a hannunta ba.

"Sitti ce ta ce a ba ki. Ta ce garinku akwai kogi."

Ibi

A Kano ma'aikacin kwastan ya buɗe gwangwanin, ya ja da baya yana toshe hanci. "Hajiya, mutane na dawowa da zinare, ke kin dawo da dusa?" Na ce kowa da abin da Allah ya ba shi. Ya rufe ya miƙo mini da sauri.

Na bi mota zuwa Jos, daga nan Shendam, gwangwanin a cinyata, ina yayyafa wa tsumman ruwa. A kowace tasha sai in buɗe in sa yatsa. Ɗumin yana raguwa. Lokacin da muka iso bakin Binuwai muka shiga kwalekwale, na hango kwanon tsohon siton kamfani a wancan ƙetaren, abin ya yi sanyi ƙalau, ƙamshin ma sai ka kai hanci kusa.

Ƙanwata ta rungume ni tana guɗa. Binta ta zama budurwa, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Ƙanwata take kira Inna. Na amsa gaisuwarta kawai, wanda ya tafi ya bar yaro ba shi da bakin magana.

Ban huta ba na dafa shinkafar fadamarmu, na bar ta ta yi luguf tunda ba ta da danƙo, na marmasa yis na rufe. Na sayo randuna biyu, na samo dusa da ƙaiƙayi a wurin masu injin casa. Ƙanwata tana kallona tana taɓe baki, na ji tana gaya wa maƙwabta wai zafin Makka ya taɓa ni. Da shinkafar ta yi ruwa, na ce Binta ta ɗauko tulu ta raka ni kogi. Muka sauka ta matakalar tsohon siton, inda kakana ke sauka da buhu a ka. Damina ce, ruwa ya cika har ya rufe matakala ta ƙasa. Na ɗebo, na jiƙa dusar da shi, na cakuɗa, na juye gwangwanin Sitti a tsakiya na binne. Na ce bismillah, na rufe da buhu.

Washegari na sa hannu, sanyi. Na juya duk da haka. Kashegari ma sanyi. Na shiga ɗaki na zauna, ina tunanin matar da ta tsallake da abin nan daga yaƙi da teku, ni kuwa daga Jidda zuwa Ibi na kasa. Na roƙi Allah ya gafarta mata, na roƙe shi kada ya sa a hannuna abin zai yanke. Na ci gaba da juyawa kullum, ba don ina sa rai ba, sai don hannuna ya saba.

Wata safiya bayan asuba na ɗaga buhun, tsami ya daki idona. Na cusa hannu har gwiwa, na tsaya a haka, na kasa motsi. Binta tana shara a tsakar gida, ta ga ina hawaye ta ajiye tsintsiyar ta matso. Na kama wuyan hannunta na cusa a ciki. Ta yamutsa fuska saboda warin, tana neman zarewa, sai kuma ta tsaya ta ɗago ta dube ni.

"Inna, da ɗumi."

Na ce mata yana da rai, ba a wanke shi. Na jawo ɗaya randar kusa, na ce ta naɗe hannun rigarta ta fara kwasa daga sama.